Awon nauyin gungun galaksi da lanƙwasar haske: a wane mataki ake yin ɓari?

Ɗalibin Falaki:
Assalamu alaikum malamai. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da awon nauyin gungun galaksi ta hanyar lanƙwasar haske mai rauni, wato yadda nauyin gungu ke ɗan karkatar da hasken galaksin da ke bayansa har siffarsu ta ɗan miƙe. Ana koya mana cewa ita wannan hanyar ba ruwanta da halin da gungun yake ciki: ko iskar cikinsa ta lafa, ko karo ake yi, haske nauyi kawai yake ji, ya lanƙwasa gwargwadonsa. To in haka ne, me ya sa in an auna gungu guda sai a ba da kuskuren kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari? Kuma me ya sa ƙungiyoyi uku suka auna ma'aunin nauyin Planck (na'urar sararin samaniya da ta ƙirga gungu) da wannan hanya, wasu suka ce nauyin da take bayarwa 0.7 ne na gaskiya, wasu 0.76, wasu 0.95? Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi: gungu a z = 0.3 (z ma'aunin nisa ne, in ta ƙaru nisa ya ƙaru), nauyinsa ya kai na rana sau 10^15, hoto daga madubin hangen nesa na Subaru. Daga hoto zuwa lamba, a ina ake yin ɓarin?

Mai Madubi:
Wa alaikumus salam, ɗalibi. Kafin a nemi inda ake ɓari, a san girman abin da ake ɗiba. Gungun da ka kawo, in aka ba shi siffar NFW (tsarin da aka saba ɗauka na yadda nauyi ke raguwa daga cibiya zuwa gefe) mai cunkoso 4 (ma'aunin taruwar nauyi a tsakiya), iyakarsa ta r200 (inda matsakaicin kaurin cikinsa ya ninka ma'aunin kaurin duniya da ake kira kauri mai iyaka sau 200) tana kai megafasek 1.9 (megafasek ɗaya tafiyar haske ce ta shekara miliyan 3 da ɗoriya), kuma a z = 0.3 megafasek ɗaya daidai yake da minti 3.7 na kusurwa a sama. A nisan megafasek ɗaya daga cibiya, miƙewar da yake yi wa galaksin da ke z = 1 kusan 0.05 ce. Wato da galaksin zagayayye ne kamar faifai, sai ya fito da ɗan tsawo, gajeren gefensa kashi 90 cikin ɗari na dogon, kuma tsawon ya kwanta yana kewaya cibiyar gungun kamar jerin tubali a bakin rijiya.

Sai dai ba a halicci galaksi zagayayye ba. Wani kamar ƙwai, wani kamar allura, kuma warwatsuwar siffofin nan tana tsakanin 0.25 da 0.3. Abin da kake nema 0.05, abin da ya rufe shi ya ninka shi biyar ko shida. Babu dabara sai tarawa.

Bayan tankaɗe da rairaya, hoton Suprime-Cam (kyamarar Subaru) mai kyau yakan bar maka galaksi 10 zuwa 20 a kowane minti murabba'i. Mu ce 10. Zoben da ke tsakanin megafasek 0.9 da 1.1 faɗinsa minti murabba'i 17 ne, galaksi 170 ke nan, kuskure 0.02 a kan 0.05. In ka haɗa duka daga 0.75 zuwa 2.5 za ka sami galaksi wajen 2,500, kuskuren ya sauko 0.005 da ɗoriya, amma matsakaicin miƙewar ma ya sauko wajen 0.03, domin yawancin galaksin suna can gefe inda jan ya yi sanyi. Kashi 17 ke nan a kan miƙewa. Nauyi kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da miƙewa: kashi 1 a miƙewa yakan zama kusan 1.4 a nauyi. Ka ga kashi 20 zuwa 25 ɗinka sun fito tun kafin kowa ya yi kuskuren komai.

Ɗalibin Falaki:
Na gane, Malam. To miƙewar da aka tara a zobe, yaya take komawa nauyi?

Mai Madubi:
Kowane galaksi yana da lambobi biyu na siffa, e1 da e2. Ka nemo kusurwarsa φ daga cibiyar gungu, ka fitar da rabon da ke kewaye: et = −(e1 cos 2φ + e2 sin 2φ). Ka ɗauki matsakaici a kowane zobe. In ka ninka shi da Σcrit (kaurin nauyin da ake gwada ƙarfin lanƙwasa da shi), abin da ya fito shi ne bambancin matsakaicin kaurin nauyi a cikin da'irar da kaurinsa a kan zoben kansa. Wannan gaskiya ne ko da gungun ba zagayayye ba ne, muddin ka kewaye zoben gaba ɗaya. Daga nan sai a nemo M200, wato nauyin da ke cikin r200, da ya fi dacewa da jerin zobban. Tun aikin Tyson da Valdes da Wenk na 1990 a kan Abell 1689, gindin maganar bai sauya ba.

Malama Launi:
Malam Mai Madubi yana cewa “galaksin da ke z = 1” kamar an rubuta wa kowanne nisansa a goshi. Ni a nan nake ganin babban ɓarin.

Σcrit = c²/(4πG) × Ds/(Dl × Dls), inda c saurin haske ne, G lambar jan nauyi, Dl nisan gungu, Ds nisan galaksin baya, Dls kuma nisan da ke tsakaninsu. A misalin ɗalibinmu, Dl kusan megafasek 920 ne, rabon Dls/Ds kuwa, wanda muke kira β, 0.64 ne ga galaksin z = 1. Σcrit ya fito wajen nauyin rana 2.8 × 10^15 a megafasek murabba'i, wato giram 0.6 a santimita murabba'i, kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya a kan farce. Yanzu a ce galaksin a gaskiya suna z = 0.8 ne kai kuma ka ɗauka 1 ne. β ta gaskiya 0.57 ce. Ka rage Σcrit da kashi 10 da ɗoriya, nauyin ya ragu da wajen kashi 15, kuma babu abin da zai nuna maka a cikin hoton. Wannan ma gungu na kusa ke nan. In gungun yana z = 0.8, β ta galaksin z = 1 ita ce 0.16, ta z = 1.2 kuma 0.26. Ɗan gocewar nisa kaɗan sai nauyi ya tashi ko ya faɗi da fiye da rabi.

Na biyu, 'yan gida. Galaksin da ke cikin gungun kansa ba su da miƙewa, domin haskensu bai ratso gungun daga bayansa ba. In kashi 10 na abin da ka tara a zobe 'yan gida ne, siginar ta ragu da kashi 10. Kuma sun fi yawa a tsakiya, saboda haka ba rage nauyi kawai suke yi ba, suna shafe tsinin siffar, cunkoson ya fito ƙasa da gaskiya.

Cire jajayen galaksin gungu da launi ɗaya bai isa ba. Ƙananan shuɗɗa na cikin gungun suna shigewa. Mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi matatan launi uku ne, kamar B da R da z (wannan z sunan matata ne, ba nisa ba), a zana launi a kan launi, a zaɓi yankunan da 'yan gida ba sa zama, yadda Medezinski da abokan aikinta suka tsara a 2010. Za ka zubar da rabin galaksinka ko fiye. Ka zubar. Sannan ka ɗauki wannan yankan launin daidai, da zurfi iri ɗaya, ka ɗora a kan kundin COSMOS, wanda aka auna nisan galaksinsa, don ka sami rabon nisansu. Shi ma COSMOS ɗin fili ɗaya ne mai digiri murabba'i 2, yana da nasa cunkoson da nasa ramukan, don haka akwai ɗan kuskuren da duk wanda ya jingina da shi yake gada tare.

Ɗalibin Falaki:
Malama, maimakon a zubar da rabi, me zai hana a bar su a gyara daga baya? A ƙirga yawan galaksi a kowane zobe, a kwatanta da filin da ba gungu, rarar ita ce 'yan gida, sai a ninka siginar da wannan rabo.

Malama Launi:
Ana yi, musamman a manyan bincike irin DES (Dark Energy Survey). Amma ƙirgar tana da maƙiya biyu. Gungun yana ƙara girman abin da ke bayansa: a megafasek ɗaya κ, wato kaurin nauyi a raba da Σcrit, wajen 0.04 ce, girman ya ƙaru da kashi 8. Wannan yana buɗa sararin, galaksi su yi nisa da juna, a lokaci guda kuma yana haskaka dusassu su shigo kundin. In gangaren ƙirgar (saurin da adadin galaksi ke ƙaruwa in aka shiga dusassu) ya kai 0.4 abubuwan biyu sun kashe juna. Ga jajayen galaksi na baya gangaren bai kai haka ba, sai adadin ya ragu. Na biyu, manyan galaksin tsakiya da hasken da ke bazu a tsakaninsu suna rufe na baya. Duka biyun suna rage ƙirga, sai ka ga kamar 'yan gida kaɗan ne alhali suna nan. Maganinsa a dasa galaksi na bogi a cikin hoton gaskiya, a sake gudanar da na'urar ganowa, a ga nawa suka ɓace a kowane zobe. Wanda bai yi wannan ba, gyaransa zato ne.

Mai Madubi:
Ban musa ba, Malama, amma kada ɗalibi ya ɗauka awon siffa an gama da shi. Iska da madubi suna baza kowane ɗigon haske. A dare mai kyau a Maunakea bazuwar tana sakan 0.6 zuwa 0.7 na kusurwa, galaksin da muke aiki da su kuwa da yawansu ba su fi haka girma ba. Bazuwar tana yin ɓarna iri biyu: tana mayar da galaksi zagayayye, wanda ke rage siginar, kuma ita kanta tana da nata tsawon na kashi 1 zuwa 'yan kaɗan, wanda take shafa wa kowa. Shi ya sa ake rubuta miƙewar da aka auna a matsayin (1 + m) sau ta gaskiya, a haɗa da c: m kuskuren ninki ne, c (ba saurin haske ba a nan) kuskuren ƙari.

Taurarin cikin hoton su ne ma'auni. A zana girma a kan haske, taurari za su jeru a layi ɗaya a tsaye. A cire waɗanda suka cika fiksel, a kuma cire na kusa da cika, domin a CCD, allon ɗaukar haske na kyamara, tauraro mai haske sosai ya fi dusashe kumbura, in ka yi awo da shi za ka ɗauka bazuwar ta fi yadda take. A tsara siffar bazuwar a kowane CCD, a kowace ɗauka daban, ba a kan hoton da aka riga aka haɗe ba in da hali. A ware wasu taurari kada a sa su cikin tsarin, a gwada shi da su.

Game da c, mutane suna cewa tana wankewa in an kewaye zobe. Haka ne in c ɗin iri ɗaya ce ko'ina. Amma mai ɗaukar hoto yakan sa gungun a tsakiyar fili, aibin madubi kuma shi ma yakan kewaye tsakiyar fili. Sai ragowar bazuwa ta sa rigar lanƙwasa. A auna et na taurari bayan gyara a zobban nan dai. In ba sifili ba ne, a koma baya.

m ita ce mai wuya, domin hoton gaskiya ba ya faɗin ta. Dole a kwaikwayi hoto a kwamfuta da miƙewar da aka sani. Hoekstra da abokansa sun nuna a 2015 cewa in kwaikwayon bai ƙunshi galaksin da suka fi na kundin dusashewa da aƙalla mataki 1.5 na haske ba, m ɗin da za ka samu ba daidai ba ce, saboda waɗannan da ba a gani suna gurɓata awon bango da na siffa. Tsohuwar hanyar awon siffa ta KSB ta 1995 tana rage siginar ga dusassun galaksi in ba a gyara ba. Dabarar metakal ta 2017 ta kawo sauƙi: a cire bazuwa, a ƙara wa hoton gaskiya 'yar miƙewa ta 0.01, a mayar da bazuwa, a sake awo, a ga yadda ma'aunin ya amsa. Amma ba ta warware matsalar galaksi biyu da suka manne ba, musamman in ɗaya ɗan gida ne ɗaya na baya, abin da ya fi yawa daidai inda muke aiki.

Ɗalibin Falaki:
To ai akwai gwajin juyawa. In aka juya kowane galaksi da digiri 45 aka sake tarawa, lanƙwasa ba ta ba da komai. In ya fito sifili, ba an tsira ke nan ba?

Ɗan Kwaikwayo:
A'a, ƙanena, kada ka sake ka kwana a kan wannan. Gwajin digiri 45 yana kama wasu ragowar bazuwa ne kawai. m ba ta bayyana a cikinsa: sifili sau 1.1 sifili ne. 'Yan gida ba sa bayyana. Kuskuren nisa ba ya bayyana. Za ka iya samun sifili mai kyau kamar an zana, nauyinka kuma ya goce da kashi 30. In ya faɗi, akwai matsala. In ya ci, bai ce komai ba game da manyan ɓarayin uku.

Baba Eksire:
Ina sauraron 'yan lanƙwasa suna lissafa cututtukansu, madalla. Shekaru ana ce mana mu ne masu karkataccen sikeli.

Bari in amsa tambayar ɗalibi ta biyu. Nauyin da ake samu daga hasken eksire (X-ray) na iskar gungu yana tsaye ne a kan zaton cewa matsin iskar zafi, mai digiri miliyan goma zuwa miliyan ɗari, shi kaɗai ke riƙe da ita a gaban jan nauyi. In akwai guguwa da kwararar iska a ciki, su ma suna ɗaukar wani kaso na kayan, mu kuma ba mu ƙirga su ba, sai nauyinmu ya gaza. Wannan gazawar ita ce b, kuma lambobin da ka kawo 1 − b ne. Planck a 2013 ta ɗauki 0.8. Don ƙirgar gungunta ta daidaita da abin da hasken farkon duniya ya nuna, ana bukatar wajen 0.6, a sakamakon 2015 an rubuta 0.58. Cikin ƙungiyoyi ukun da ka ambata, Weighing the Giants, masu gungu 51, suka sami kusan 0.7 a 2014. CCCP suka sami 0.76 a 2015. LoCuSS suka sami 0.95 a 2016.

Abin da ake mantawa shi ne ba gungu ɗaya suka auna ba. LoCuSS sun tsaya tsakanin z = 0.15 da 0.3, sauran sun wuce haka, kuma da aka raba samfurin a z = 0.3, na kusa sun fi matsowa ga 0.9. Ko gazawar ce take sauyawa da nisa, ko kuwa β ɗin Malama ce take cizo a can nesa, a nan aka yi ta ja-in-ja. Mu ma muna da namu abin kunyar: na'urorin eksire biyu, Chandra da XMM-Newton, ba sa ba da zafi ɗaya ga gungu mai zafi sosai, na Chandra ya fi, ma'aunin Planck kuma a kan XMM aka gina shi.

Amma ga inda nake tsayawa. Ga gungu guda, nauyin iskar da eksire ke aunawa yana bin nauyin gaskiya da warwatsuwa ƙarama, ƙasa da ta lanƙwasa nesa ba kusa ba. Lanƙwasa ta san matsakaicin gungu hamsin, eksire ya san wane ya fi wane. Wanda ya ce a jefar da ɗaya bai yi aikin ba.

Ɗan Kwaikwayo:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma dalilin warwatsuwar nan shi ne abin da ban ji an taɓo ba. A ce Malam Mai Madubi ya auna siffa ba aibi, Malama ta san nisan kowa, galaksin baya kuma ba iyaka. Har yanzu nauyin gungu guda zai goce da wajen kashi 20.

Lanƙwasa tana auna duk abin da ke kan hanyar haske ne, a matse a fili ɗaya. Mu kuma muna son nauyin da ke cikin ƙwallo. Gungu ba ƙwallo ba ne, ya fi kama da gwanda. A kwaikwayon kwamfuta gajeren gefensa yakan kai rabi ko kashi 60 na dogon. In ka hango gwandar ta tsininta, nauyin ya taru a kan layin idonka, sai ka ce ya fi, cunkoson ma ya fi. In ka hango ta ta gefe, ka rage. Abell 1689 misali ne: an sami cunkoson da ya haura 10 inda ake tsammanin 4 ko 5, kuma tun 2005 Oguri da abokansa suka nuna cewa dogon gefe mai fuskantarmu zai iya ɗaukar kaso mai yawa na wannan rarar. Ga kuma zaren nauyi da ke shiga gungun, da ƙananan gungu na kusa da shi.

Sannan akwai abubuwan da ba su da alaƙa da shi ko kaɗan, suna kan hanya ne kawai, gaba ko baya. Hoekstra ya lissafa wannan a 2001 da 2003. Tasirinsu yana ƙaruwa da nisa daga cibiya yayin da siginar gungu take raguwa, don haka bayan minti 10 zuwa 15 ƙarin fili ba ya ƙara maka ilimi. In ka lissafa kuskure da hayaniyar siffa kaɗai, ka yi wa kanka ƙarya. Dole wannan ya shiga lissafin, kuma yana ɗaure zobe da zobe.

Becker da Kravtsov a 2011 sun ɗauki gungu na kwaikwayo suka auna su yadda mai kallo zai yi. Warwatsuwa wajen kashi 20 ga manya, kuma matsakaicin ya gaza da kashi 5 zuwa 10 in aka kai awon can nesa, inda NFW ta daina bayyana gaskiya. Shi ya sa Weighing the Giants suka tsaya tsakanin megafasek 0.75 da 2.5, suka kafe cunkoso a 4. Ka zaɓi iyakokinka, sannan ka gudanar da hanyarka daidai a kan gungu na kwaikwayo masu nauyi da nisa irin naka, ka auna karkatarta. Karkatar wani ba taka ba ce.

Ɗalibin Falaki:
Iyakar waje na gane. Ta ciki fa? Ai a tsakiya siginar ta fi ƙarfi, 0.2 ko 0.3. Zubar da ita kamar barin nama ne a ci romo.

Ɗan Kwaikwayo:
Naman akwai ƙaya. 'Yan gida sun fi yawa a can. Ma'aunin siffa an daidaita shi ne da ƙaramar miƙewa. Sannan cibiya: babban galaksin tsakiya, ƙololuwar eksire da cibiyar SZ (tabon da iskar zafi ke bari a hasken farkon duniya) ba lallai su haɗu ba, kuma a gungun da ke karo sukan rabu da kilofasek ɗari ko fiye. In cibiyarka ta goce, siginar da ke cikin nisan gocewar ta rushe, har ta ɗan wuce nan. A kundin redMaPPer na DES wajen kashi 75 ne aka samu cibiyarsu daidai, saboda haka sai an sa rabon gocewar a cikin lissafi.

Malama Launi:
A ƙara da wannan: abin da ake aunawa ba γ, miƙewar zalla, ba ce, g = γ/(1 − κ) ce. A megafasek ɗaya bambancin kashi 4 ne, a tsakiya kuwa babba ne. Kuma tunda κ ma tana tafiya da β, matsakaicin β kaɗai bai wadatar ba, sai da matsakaicin β² a gyaran da Seitz da Schneider suka bayar a 1997. Wanda ya ɗauki dukkan galaksi kamar suna bango ɗaya zai ƙara wa gungu nauyi, kuma ƙarin ya fi a tsakiya.

Mai Madubi:
Wani zai ce a bar NFW gaba ɗaya a zana taswirar nauyi da hanyar Kaiser da Squires ta 1993. Taswira tana da amfaninta. Ita ce ta nuna a gungun 1E 0657-56 mai z = 0.296, a aikin Clowe da abokansa na 2006, cewa nauyin yana tare da galaksi, iskar da Chandra ta gani kuma an bar ta a baya a tsakiya, alhali iskar ta fi taurarin nauyi. Don sanin inda nauyi yake, babu kamarta. Don sanin nawa ne, akwai tarko: in ka mayar da κ zuwa λκ + (1 − λ), siffofin galaksi ba sa sauyawa ko kaɗan. Wato za ka iya shimfiɗa tabarmar nauyi a kan dukan filin ka rage tsinin, hoto bai sani ba. Ana karya wannan da ƙirgar ƙarin girma, ko da fili mai faɗin da za a ce κ ta kusa sifili a gefensa.

El Gordo, mai z = 0.87, ya nuna abin da ƙarancin fili ke jawowa. Awon 2014 da Hubble ya dogara da ƙaramin fili da miƙa siffar NFW zuwa inda ba a gani ba. Da aka sake a 2021 da fili mai faɗi, nauyin ya sauko da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, zuwa wajen 2.1 × 10^15.

Baba Eksire:
Kuma kafin saukowar an riga an yi ta rubutu cewa gungu mai wannan nauyi a wannan nisa yana neman karya ka'idar sararin samaniya.

Ɗalibin Falaki:
To in haka ne mafita ita ce tara gungu da yawa. Gwanda dubu, kowace ta fuskanci inda ta ga dama, matsakaici ya zama ƙwallo.

Ɗan Kwaikwayo:
Da sharaɗin cewa yadda ka zaɓo su bai san inda suka fuskanta ba. A nan DES ta sha mamaki. Sun daidaita nauyi da yawan jajayen galaksi zuwa kusan kashi 5, aiki mai kyau. Da aka haɗa da ƙirgar gungu a 2020, sai Ωm, kason da abu mai nauyi ke da shi a duniya, ta fito wajen 0.18, abin da ya saɓa wa sauran ma'aunai har da na DES ɗin kanta. Matsalar ta fi fitowa a gungu masu ƙarancin galaksi. Mai zaɓe da launi yana ƙirga galaksin da ke kan layin ido a matsayin 'yan gida, don haka ya fi ɗauko gwandar da ta fuskanto mu da wadda ke da zare a bayanta, siginar lanƙwasarsu kuma ba ta wakiltar sauran. Zaɓe da eksire ko SZ ya fi tsira daga wannan, shi ya sa na'urar eksire ta eROSITA a 2024 ta zaɓi gungu sama da 5,000 da eksire, ta ɗauko nauyinsu daga binciken lanƙwasa na DES da KiDS da HSC.

Malama Launi:
Sababbin madubai biyu, Euclid, da aka harba a Yulin 2023, da Rubin a Chile, kowannensu yana neman galaksi wajen 30 a minti murabba'i. A misalin ɗalibi, daga 10 zuwa 30 ya sauko da hayaniyar siffa daga kashi 23 zuwa 13 a nauyi. Gwandar Ɗan Kwaikwayo tana nan da kashi 20 ɗinta. Kuma galaksin da aka ƙaro su ne dusassu, waɗanda ba mu da isassun awon bakan haskensu don tabbatar da nisansu, su ne kuma suka fi mannewa da juna a hoton ƙasa.

Ɗalibin Falaki:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: in ina kwatanta nauyin lanƙwasa da na eksire na gungu guda daga takardu biyu, na ga sun bambanta da kashi 40, daga ina zan fara?

Baba Eksire:
Daga abin da ba kimiyya ba. Duba ko ɗaya M200 ne ɗaya M500, wato nauyin da ke cikin ƙaramar iyaka r500. Da cunkoso 4, M500 kashi 69 ne na M200, r500 kuma a misalinka megafasek 1.2. Duba ko 200 ɗin a kan kauri mai iyaka ne ko a kan matsakaicin kaurin duniya, domin na biyun ya fi girma. Duba h, lambar saurin faɗaɗar duniya: in ɗaya ya bar h⁻¹ a jikin lambar ɗaya kuma ya sa 0.7, bambancin kashi 43 ne cif. In duk waɗannan sun daidaita, duba ko kowa ya yi amfani da r500 nasa, domin wanda ya sami nauyi babba ya kuma buɗa da'irarsa, bambancin ya ninku. Ka auna su biyun a da'ira ɗaya, megafasek ɗaya misali.

Ɗan Kwaikwayo:
In bayan haka kashi 25 ya rage, a gungu guda, duba siffar babban galaksin tsakiya. In ya fito zagayayye sosai, akwai alamar kana hangen gwandar ta tsininta ne, kuma na lanƙwasar ne ya yi sama.